Rainon tsirrai masu cin ƙwari a kwalba: ina funfunar take shigowa?

Bashir_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya taɓa rainon tsirrai masu cin ƙwari a cikin kwalba, irin aikin da ake yi wa ayaba da rake a ɗakin gwaje-gwaje. Na samu irin Dionaea, wannan mai ganye da haƙora da ke rufewa kan ƙuda, da kuma irin Drosera capensis mai gashin danƙo. Na haɗa abincinsu da garin MS (sinadaran ciyar da tsiro a kwalba) da sukari da aga (garin da ke daskarar da abincin), na dafa a tukunyar firesha, na wanke irin da bilic, na zuba. Kafin mako ya zagayo farar funfuna ta lulluɓe yawancin kwalaben, a sauran kuma wani abu mai yauƙi ya kewaye irin. Ina matsalar take? Tambaya ta biyu ma ta fi damuna: ko da sun tsira a kwalba, za su rayu a yanayin Zariya?

Dakta_Hauwa:
Wa alaikumus salam Malam Bashir. Abu biyu ka bayyana, kuma ba daga wuri ɗaya suke zuwa ba. Funfuna mai gashi da ta fito nesa da irin, a gefen kwalba ko a tsakiyar aga, yawanci daga iska take faɗowa lokacin da ka buɗe murfi. Mai yauƙin da ya kewaye irin kuwa bakteriya ce, ta shigo a jikin irin ko a bakin hantsakinka.

Kafin ka sake ɓata iri, dafa kwalabe ka ajiye su mako guda ba tare da ka buɗe ko ɗaya ba. In suka lalace a rufe, dahuwarka ce ba ta kai ba. Ana son zafi ya kai digiri 121 na minti 15 zuwa 20, kuma lissafin yana farawa ne daga sanda tukunya ta kama matsi, ba daga sanda ka ɗora ta a wuta ba. Ka ɗan sassauta murafen kwalaben yayin dahuwa, sai sun huce ka ɗaure. In kuwa suka zauna garau har mako, to ka san ɓarnar tana wajen zuba iri. A ina kake buɗe kwalaben?

Bashir_Samaru:
A kan tebur a ɗakina, Dakta. Ina goge shi da sifirit, ina rufe taga.

Dakta_Hauwa:
To ga ta nan. Rufe taga bai isa ba, balle yanzu da ƙurar hunturu take shiga ko'ina. Nemi babban akwatin roba mai haske, ka kifa shi, ka huda ramuka biyu da hannuwanka za su shiga. Kashe fanka, fesa cikinsa, jira iskar ciki ta kwanta, sannan ka yi aiki a hankali, kada hannunka ya gitta saman buɗaɗɗiyar kwalba. Kuma don Allah kada ka kunna kyandir ko fitilar sifirit a cikin akwatin da ka fesa wa sifirit, wuta take tashi nan take.

Manomi_Kura:
Ni dai ku yi haƙuri da tambayata. Mutum ya sayi sinadarai masu tsada, ya ƙona gas, don ya raini ciyawar da ba a ci, ba a ba dabba? Da wannan wahalar a kan tumatir ko dabino aka yi ai da an ga amfani.

Ummu_Sadiq:
Subhanallah, ashe da gaske akwai tsiron da ke cin ƙwaro? Ni na ɗauka haɗin bidiyo ne. In dai yana cin sauro a rubuta ni cikin masu saye.

Malam_Idi_Kazaure:
Hajiya da gaske ne, ikon Allah ne, kuma nau'insu ya haura ɗari shida a duniya. Sai dai kada ki sa rai a kan sauro. Dionaea abin da ta fi kamawa masu rarrafe ne, tururuwa da gizo-gizo da buzuzu. A cikin kowane ganye akwai 'yan gashi ƙanana. Taɓawa ɗaya ba ta sa shi rufewa, sai an taɓa sau biyu a cikin kamar daƙiƙa 20, sai ya kama cikin ƙiftawar ido. Ba ya ma fara fitar da ruwan narkar da abinci sai ƙwaron ya ci gaba da motsi a ciki. Kowane ganye kuma sau kaɗan yake rufewa ya mutu. Ƙari a kan haka, tukunyar tana zama ne a cikin faranti mai ruwa, in ba a kula ba nan sauron zai yi ƙwai.

Ummu_Sadiq:
Kai, to na janye. Amma zan ci gaba da karantawa, abin ya ba ni mamaki.

Zainab_KL:
@Manomi_Kura Baba, tambayarka tana kan hanya, amma bari in faɗi abin da na gani a nan Malesiya. Akwai wani dangi da ake kira Nepenthes, ƙarshen ganyensa yana zama tulu mai murfi, ƙwari su zame su faɗa ciki. Babbansu, Nepenthes rajah, a dutsen Kinabalu da Tambuyukon na jihar Sabah kawai yake fitowa, kuma tulunsa na iya ɗaukar ruwa fiye da lita uku. Masu tara tsirrai a Turai da Japan da Amurka sun yi ta biyan kuɗi masu yawa a tono musu shi daga daji, har aka sa shi a rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wato an haramta cinikin wanda aka ciro daga daji tsakanin ƙasashe. Abin da ya rage wa daji nauyi shi ne rainon kwalba. Da kamfanoni irin Borneo Exotics na Siri Lanka suka fara fitar da Nepenthes da yawa daga kwalba, sai farashi ya sauko, mai so ya samu na halal ba tare da an hau dutse ba. Wannan ma ai amfani ne.

Manomi_Kura:
'Yata na ji. Amma wannan matsalarsu ce can, mu nan matsalarmu abinci.

Malam_Idi_Kazaure:
Malam, hannu ɗaya ne ai. Wanda ya iya hana funfuna shiga kwalbar Drosera, gobe shi zai iya rainon rake da ayaba. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wannan hanyar ake tsabtace irin ayaba da doya da rogo daga cuta a ninka su, a cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike ma haka. A nan Kazaure cibiyar binciken jihar Jigawa ta yi aikin rake a kwalba. Shi kansa garin MS ɗin da Bashir yake amfani da shi, Murashige da Skoog ne suka haɗa shi a 1962 a jami'ar Wisconsin, kuma a kan taba suka gwada shi. Ba don furanni aka ƙirƙiro shi ba, kowa ya ɗauka ya daidaita da bukatar shukarsa. Yaron da sha'awa ta ja shi ya koyi sana'ar da kuɗin aljihunsa, ni ba zan sare masa gwiwa ba.

Dakta_Hauwa:
Madalla da Malam Idi ya ambaci taba, don ya tuna mini abin da ban tambaya ba. Malam Bashir, gram nawa na MS ka sa a lita?

Bashir_Samaru:
Yadda aka rubuta a jikin robar, gram 4.4.

Dakta_Hauwa:
Ya yi yawa. Wannan ma'aunin na shuka mai cin taki ne. Waɗannan tsirran a ƙasa mai tsami, mai ruwa, wadda ba ta da abinci suke rayuwa, dalilin da ya sa suke neman naitirojin da fosfaras a jikin ƙwari ke nan. Gishirin taki mai yawa ƙona su yake yi, za ka ga sun tsiro sun baƙe. Yi amfani da kashi ɗaya cikin uku, kamar gram 1.5 a lita, ko rabi in ka matsa. Sukari gram 20 zuwa 30, aga gram 6 zuwa 8, ka daidaita pH, wato ma'aunin tsami, wajen 5.6 zuwa 5.8 kafin ka zuba aga. Tunda da iri kake farawa, ba ka bukatar sinadarin girma ko kaɗan a matakin farko. Sai sun yi ƙarfi, in kana son su yi ta 'ya'ya, ka ɗiga sinadarin girma irin BAP ko kinetin ɗan mitsitsi. In ka cika shi, ganyen zai kumbura ya zama garai-garai kamar ya sha ruwa ya ƙoshi, irin wannan kuma ba ya rayuwa a waje.

Wankin iri: duba jikin robar bilic ɗinka, yawanci kashi 3.5 cikin 100 ne. Kashi ɗaya na bilic, huɗu na ruwa, ɗigon sabulun ruwa, minti 10 kana girgizawa, sannan ɗauraya sau uku da ruwan da aka dafa a tukunyar. Irin Drosera ƙanana ne ƙwarai, ƙunshe su a 'yar takardar tata ka wanke su a ciki, in ba haka ba za su bi ruwa.

Aisha_Tudun_Wada:
Tsaya tukuna, wannan ba shi ne GMO ɗin da ake ta rigima a kai ba?

Dakta_Hauwa:
A'a 'yar uwa. Ba a sa masa ƙwayar halittar wani abu, ba a cire masa komai. Yadda ake yanka karan rogo a dasa ya fito rogon nan dai, haka wannan yake, sai dai guntun ƙarami ne ƙwarai har sai an ciyar da shi a wuri mai tsabta. Masu yin GMO suna amfani da kwalba a wani mataki na aikinsu, shi ya sa ake haɗa su.

Sani_Damagaram:
Dakta gaskiya ne, amma a ƙara da cewa in aka daɗe ana ninka abu ɗaya a kwalba da sinadari mai yawa, wani lokaci yakan fito da wata siffa dabam. A Dionaea akwai nau'o'in da haƙoransu suka manne da juna ko tarkon ya karkace, daga labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, suka samo asali, masu sayarwa suka raɗa musu suna suna tsadar da su. Ga mai kasuwa riba ce. Ga mai son adana tsiro yadda Allah ya halicce shi a dajinsa, asara ce.

Zainab_KL:
Wannan batu na Malam Sani shi ne inda nake ganin ana yabon kwalba fiye da kima, duk da ni na fara yabonta. Tsiro dubu goma da suka fito daga uwa ɗaya, a wajen gado tsiro ɗaya ne. Nepenthes kuma akwai namiji akwai mace, a jiki dabam-dabam. In duk abin da ke hannun mutane namiji ne guda da aka ninka, ba za a taɓa samun iri ba. Dubi Nepenthes clipeata, a jikin dutsen Kelam na yammacin Kalimantan kawai take, masu tono da gobara sun kusa ƙarar da ita. Akwai ta a gidajen masu tarawa a duniya, amma daga uwaye ƙalilan. Shi ya sa masu aikin adanawa suka fi son shuka iri da yawa a kwalba, kowane ƙwaya a ba shi lambarsa, a kan a yi ta yanka guda ɗaya.

Yaron_Gembu:
Haka ma labarin Dionaea. Duk duniya a Karolina ta Arewa da ta Kudu kawai take fitowa da kanta, a kewayen garin Wilmington. Tun Disambar 2014 tono ta daga daji ya zama babban laifi a Karolina ta Arewa, ana ɗaure mutum a kai, alhali ana sayar da 'yan kwalba da arha a manyan shaguna. Kuma abin da ya fi cinye ta ba ɓarayi ba ne, gine-gine ne da hana gobarar daji, domin in wuta ba ta share ciyayi ba sai su rufe mata rana. Kwalba ba ta maganin wannan.

Alhaji_Mai_Lambu:
Kun yi nisa kun bar yaro da tambayarsa ta biyu, kuma ita ce mai wuyar. Ni na daɗe ina sayar da furanni, na kuma karɓi ayabar kwalba na raina. Ba a cikin kwalba ake asara ba, a ranar fitarwa ake yi. Tsiron da ya tashi a rufe bai san bushewar iska ba, fatar ganyensa ba ta yi kauri ba, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa ba. Ka fito da shi a watan Janairu, kafin la'asar ya yanƙwane. Dole a wanke agar nan tas daga saiwa, don sukarin da ya rage shi ke kiran funfuna. A dasa, a rufe da leda ko roba mai haske, a ajiye a inuwa mai haske, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har makonni. In da ni ne, sai damina ta zauna zan fitar.

Sannan ruwa. Ruwan bohol da na rijiya da fiya wata duk suna da gishirin da zai kashe su sannu a hankali. Ruwan sama za ka tara.

Ɗan_Tilde:
Ko ruwan da ke ɗigowa daga AC, in bututun yana da tsabta. Akwai 'yar na'urar auna gishirin ruwa da masu kiwon kifi suke amfani da ita, ba ta da tsada, ana son ta nuna ƙasa da 50. Wanda zai sayi tataccen ruwa a wajen masu batir ya tabbatar ba mai asid aka ba shi ba, don duka biyun ruwan batir ake ce musu. Ƙasar shuka kuma ban da taki, ban da kashin shanu, ban da ƙasar lambu. Turawa da ruɓaɓɓen gansakuka da yashi suke yi. Mu nan garin ɓawon kwakwa ya fi samuwa, amma sai an jiƙa shi an wanke sau da yawa da ruwan sama saboda gishiri.

Sani_Damagaram:
Ni shakkata a kan Dionaea ce kanta. Tana bukatar sanyi na wata uku zuwa huɗu a shekara ta yi barci, in ba ta samu ba tana raunana shekara bayan shekara. Sanyin hunturunmu na dare ne kawai, rana na fitowa ya tafi. Wasu a ƙasashe masu zafi suna cire ta su sa a firji. To wa yake da firjin da ba ya mutuwa wata uku? Ga zafin Afrilu, digiri 40 da ɗoriya. Ɗakin rainon ma ana son ya zauna wajen 25, da fitila awa 16. Ba sola mai ƙarfi, ban ga hanya ba.

Yaron_Gembu:
Ku kawo su Mambila kawai, mu sanyi kyauta ne. Nepenthes na kan dutse ma da suke son dare mai sanyi, ina ganin za su ji daɗin nan fiye da ko'ina a ƙasar nan.

Ɗan_Tilde:
Jos ma ba baya ba. Amma Malam Sani, akwai wani sauƙi: muddin Dionaea tana cikin kwalba ana canja mata abinci duk bayan wata biyu, masu yi ba sa sa ta barci, haka take ta ninkuwa. Sai an fitar da ita matsalar sanyi take tasowa.

Sani_Damagaram:
To wa zai sayi tsiron da ba zai fita daga kwalba ba?

Alhaji_Mai_Lambu:
Wannan ita ce tambayar ɗan kasuwa. Ana yi mini lissafi cewa in guda ta zama biyar duk wata biyu, a shekara an haura dubu 15. A takarda haka ne. A zahiri kwalabe za su lalace, wuta za ta ɗauke, kuma ko ka samu dubu ɗaya, Abuja da Legas ne kawai za ka ga masu saye, su ma in ta mutu musu sau ɗaya ba sa dawowa. In don sha'awa da koyo ne, bismillah. In don kuɗi ne, ayaba.

Zainab_KL:
Malam Bashir, in Zariya ce dole, ka duba Nepenthes na ƙasa-ƙasa, irin mirabilis da gracilis da rafflesiana. Zafi ba ya damunsu, ba sa barci, danshi kawai suke so. Irinsu dai ba ya daɗewa, sai sabo. Kuma a kula da masu sayar da iri a intanet, duk wanda ya nuna hoton Dionaea shuɗiya ƙarya ce. Irin gaske ƙanana ne, baƙi, masu sheƙi. Wanda zai shigo da iri ko kwalba daga waje ya fara neman izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, ya kuma duba ko nau'in yana cikin CITES.

Malam_Idi_Kazaure:
Abin da ke ɗan ci mini rai shi ne duk hirar nan ta Amurka da Borniyo ce, kamar mu ba mu da su. Ku duba tafkuna da fadamu a ƙarshen damina, akwai wata ciyawar ruwa mai 'yan furanni rawaya da ke leƙowa sama, ba ta da saiwa, jikinta cike da 'yan jakunkuna. Utricularia ke nan. Jakar tana zuƙe ƙananan halittun ruwa da saurin da ido ba ya gani, har da 'ya'yan sauro ƙanana, Hajiya Ummu Sadiq. Akwai Drosera indica da Drosera madagascariensis a Najeriya, a wuraren da ruwa ke tsattsafowa.

Sannan a dazukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa akwai Triphyophyllum peltatum, mai hawa bishiya, wadda ba kullum take cin ƙwari ba, wani lokaci ne kawai take fitar da ganye mai danƙo. An daɗe ba a san abin da ke sa ta yin haka ba, domin rainonta yana da wuya. Masu bincike na jami'o'in Hanoba da Würzburg a Jamus ne suka ninka ta a kwalba, suka riƙa rage mata sinadarai ɗaya bayan ɗaya, a 2023 suka wallafa cewa ƙarancin fosfaras ne yake sa ta fitar da ganyen farauta. Sinadaran jikinta kuma an gwada su a ɗakin gwaji a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Tsiron Afirka ta Yamma ne, amma kwalbarsa tana Jamus. Ina son ɗalibanmu su ji zafin wannan.

Manomi_Kura:
To wannan na fadama na san shi, yana maƙalewa a bakin tiyon injin ban ruwa. Ban taɓa sanin farauta yake yi ba.

Bashir_Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sayi akwatin roba, na dafa sababbin kwalabe da kashi ɗaya cikin uku, suna ajiye a rufe kamar yadda Dakta ta ce. Zan fara da Drosera, in ajiye sauran irin Dionaea a firji. Malam Idi, in na samo Drosera indica, irinta zan ɗiba ko ganye?

Malam_Idi_Kazaure:
Iri, kuma kaɗan, ka bar uwar a wurinta. Ganyen da aka ɗebo daga fadama yana da datti, ga gashin danƙo da ke riƙe ƙwayoyin cuta, bilic ɗin da zai tsabtace shi zai kashe shi.

Ɗan_Tilde:
Ni fa har yanzu ina ganin capensis ba ta bukatar duk wannan. Yanke ganye, sa shi a ruwan sama cikin rufaffiyar kwalba a wuri mai haske, bayan 'yan makonni za ka ga 'ya'ya suna tohowa a jikinsa. Ba aga, ba tukunya. Iri ma da kanta take zubarwa har ta dame ka.

Dakta_Hauwa:
Haka ne, amma ba don ya samu capensis yake yi ba, don hannunsa ya saba ne, gara ya yi asarar mai arha. Malam Bashir, in Dionaea ɗinka ta taɓa yin fure nan gaba, karan furen tun yana ƙarami ya fi ganye sauƙin wankewa, da shi da yawa suke farawa. Akwai kuma wani ruwa da ake kira PPM da ake ɗigawa a abincin don rage funfuna, sai dai ba ya gyara ƙazamin aiki, kuma in ya yi yawa yana hana tsiro girma.

Aisha_Tudun_Wada:
Dakta, agar da ake sayarwa a shagon kayan kek zai yi? Na ga na masu kayan gwaji ya yi tsada.

Dakta_Hauwa:
Zai yi in zallansa ne, ba sukari ba kala ba ƙamshi. Kada ki sayi jelatin, wannan dabam ne, narkewa yake a zafinmu. Gwada kwalba ɗaya tukuna ki ga daskarewarsa, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Yaron_Gembu:
Akwai wanda zai haɗa kuɗi da ni mu sayi MS da na'urar pH? Roba ɗaya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma garin yana shan danshi ya dunƙule in an daɗe da buɗe shi. Ina saukowa Jalingo ƙarshen wata, zan iya sa wa mutum nasa kason a mota.